A Mayar Wa Goggo Hajjo Da Muryarta

Zuwa ga Malam Sale,
Shugaban masu tura fina-finai a waya na kasuwar garinmu, ƙasar Zango.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da dukkan 'yan ƙungiya. Ya aiki, ya kuma fama da jama'a? Allah ya taimaka, ya ƙara rufin asiri.

Sunana Sa'adatu, 'yar Malam Lawal na Unguwar Gabas. Ina aji biyar a makarantar sakandaren 'yan mata a Daura. A gida Baba nake ce maka, tunda kai da mahaifina makarantar allo ɗaya kuka yi. Amma a wasiƙar nan zan riƙa cewa ranka ya daɗe, domin haka aka koya mana ake rubuta wa shugaba.

Za ka ce me ya hana ni zuwa in faɗa da baki. Ai na zo, kuma ba sau ɗaya ba. Duk zuwan da na yi sai in tarar da bencin shagonka cike da samari suna jira a zuba musu waƙa a waya. Kai kuma sai ka ɗago ka ce, "A'a, darakta 'yar Lawal! An zo duba aiki?" Sai kowa ya juyo ya dube ni, maganar da na haddace tun daga zauren gidanmu ta gudu. Sai in durƙusa in ce Baba na gaishe ka, in juya. Mahaifina kuwa bai aiko ni ba ko sau ɗaya. Shi ya sa na roƙi a sa mini wannan a shafin 'yan garinmu na intanet, inda na san kana karantawa, sauran 'yan ƙungiyarka ma suna karantawa, domin maganar ta shafe su.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, bari in fara daga farko.

A hutun da ya wuce, lokacin da aka fara yankan gero, mun shirya fim na faɗa mai suna Sawun Awaki. Ba mu da kamfani, ba mu da kyamara. Da wayar Malama Asabe muka ɗauka, wadda take koya mana Hausa kuma take kula da wasan kwaikwayo a makaranta. Labarin ba shi da wuya. Mazan wani ƙauye sun tafi ɗaurin aure nesa, ɓarayi suka zo da rana tsaka suka kore awakin mata, sai mata biyu suka bi sawu suka ƙwato su.

Abin da ya sa na rubuta labarin shi ne, a yawancin fina-finan faɗa da muke gani a waya, da an fara rigima sai mace ta ƙwala ihu, ta ruga, ta yi tuntuɓe da abin da babu shi a hanyar, ta zauna jiran a zo a cece ta. Ni kuwa na taɓa ganin wani abu daban da idona. Wata rana a rijiyar shanu ta bayan gari bajimai biyu suka kaure da faɗa. Maza suna ta "kai! kai!" daga nesa. Goggo Hajjo, dattijuwar da ke kawo mana nono daga ruga, ta sauke ƙwaryarta a gindin bishiya, ta karɓi sanda a hannun wani, ta shiga tsakani. Ta ɗan taɓa ɗaya a hanci, ta yi wa ɗayan magana da Fillanci, suka rabu kamar an tashi daga makaranta. Ta dawo ta ɗauki ƙwaryarta, ta tambaye ni ko Inna tana son man shanu. Tun ranar nake son mutane su ga irin wannan mace a fim.

Jaruma ta biyu ita ce Yaya Mariama, 'yar yayar Innata, wadda ta tashi a Magarya, inda mace ta hau babur ba abin kallo ba ne. Ita ke tuƙi, Goggo na baya da sanda. Shugaban ɓarayi, wato bos, Kawu Idi ne, ƙanin Inna, dillalin dabbobi a kara. Ya yarda a doke shi, sharaɗinsa kawai a kiyaye masa gwiwar hagu, kuma a bar shi ya sa baƙin tabarau.

Mun sha wahala, amma mai daɗi. Awakin gidanmu muka yi amfani da su, su kuwa sun ƙi satuwa. Da ɓarayi sun sake su sai su kama hanyar gida da gudu, su riga jarumai isowa, mu tsaya muna kallon juna babu abin da za a ceto. Sai da muka cika wa Kawu aljihu da harawa sannan suka yarda suka bi shi, har suka so wuce gona da iri, domin jar akuyar Inna ta ci masa rabin aljihun riga. Jini kuwa zoɓo ne, kuma shi ma awakin suka lashe. Ƙarar duka buhun dusa muka riƙa bugu da muciya, karyewar ƙashi kuma karan dawa ne. Ranar farko da Goggo ta hau babur, addu'a take yi da ƙarfi tun daga ƙofar gida har bakin fadama, tana cewa, "Mariama, 'yar nan, awaki muke nema, ba lahira ba!" Kafin mu gama fim ɗin ita ke cewa a ƙara wuta.

Kafin Goggo ta yarda ta fito, abu ɗaya ta ce mini, a tsakar gidanmu, a gaban Inna. Ta ce, "Ban ƙi ba, amma ban da abin da zai sa wancan na Mashi ya sunkuyar da kai a cikin mutane." Ɗanta na fari take nufi, wanda ke kiwo a can, wanda ba ta faɗin sunansa. Na ce mata na yi alkawari. Wannan alkawarin ne ya sa mai kunya irina ta ɗauki biro.

Da muka gama ɗauka, fim ɗin guntu-guntu yake a waya. Malama ta ce a duk garin nan kai ne mai kwamfutar da za ta haɗa shi. Ka karɓe mu hannu bibbiyu, ka ce ba za ka karɓi komai ba, 'ya'yanka ne suka yi abin kirki. Wannan ba zan manta ba, kuma ina so duk mai karatu ya sani. Abu biyu muka roƙa: a jera guntayen bi da bi, a sa ƙarar buhun dusa daidai inda sanda ta sauka. Ka yi duka biyun, kuma sun yi kyau ƙwarai. Ni kaina da na ga Kawu ya faɗi sai da na dafe ƙirji, alhali ina wurin lokacin da ya shimfiɗa buhu kafin ya faɗi.

Amma ka ƙara abu na uku da ba mu roƙa ba. Ranar da ka kira mu mu gani, ka ce, "Iska ta cinye muku rabin magana, zabi sun ƙarasa sauran. Amma na yi muku gyaran da ba na yi wa kowa sai manyan fina-finai." Ashe ka shafe muryoyin kowa, ka ɗora taka daga farko har ƙarshe, irin yadda kake yi wa fina-finan ƙasashen waje da ba a jin yarensu. Ga abin da hakan ya jawo.

Na ɗaya. Fim ɗinmu da Hausa aka yi shi. Ranka ya daɗe, an fassara Hausa zuwa Hausa. Goggo ta buɗe baki, muryarka ta fito. Yaya Mariama ta buɗe baki, muryarka ta fito, ka ɗan matse ta don ta yi kama da ta mace. Matan unguwarmu da suka bar surfe suka zo suka tsaya a rana don kowace ta faɗi jimla ɗaya, duk sun zama kai. Har jar akuya, da ta yi kuka, kai ka faɗi abin da take nufi. Ba zan ɓoye ba, a wurin akuyar na yi dariya, Malama ma ta rufe baki da mayafi. Kana da baiwa, kowa ya sani. Amma mun yi fim ne don a ji mata, aka wayi gari babu muryar mace ko ɗaya a cikinsa.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna. Akwai wurin da Goggo ta tare bos a bakin kwazazzabo, yana saɓe da 'yar akuya. Abin da ta faɗa a wurin ba ni na rubuta ba, daga bakinta ya fito. A hankali ta ce masa, "Sauke ta. Ni na karɓi haihuwarta cikin ruwan sama, ba kai ba." Ba ta ɗaga murya ba. Lokacin da muke ɗauka, Kawu ya manta fim ake yi, ya sauke akuyar tun kafin a doke shi, sai da muka sake. Wannan wurin shi ne zuciyar fim ɗin. A naka gyaran kuwa, Goggo ta ƙunduma wa bos zagi har da ambaton iyayensa, da wata kalma da ba zan iya rubutawa ba ko da ba kowa zai karanta. Samarin benci sun yi ta tafi suna cewa a maimaita. Duk wanda ya san Goggo Hajjo ya san ko kare ne ya sa baki a ƙwaryarta "Allah shirye ka" take ce masa. Amma wanda zai kalli fim ɗin a Mashi ko garin Babban Mutum bai san muryarta ba. Fuskarta zai gani, ya ji zagi, ya ce tsohuwar nan ba ta da kunya. A gaban ɗanta za a kunna, a gaban surukanta da jikokinta.

Na uku. Ka ga Yaya Mariama tana bin bos da babur, sai ka gaya wa masu kallo cewa ba don awaki take binsa ba, sonsa take yi, yana ja mata aji. Har waƙa ka sa a wurin. Ranka ya daɗe, Kawu Idi kawunta ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarta, shi ya yanka ragon sunanta. Ban gaya wa Yaya ba tukuna, domin ta iya babur kuma ta san hanyar shagonka.

Na huɗu. A wasu wurare, can baya, ana hango wani mutum a kan amalanke yana wucewa. Malam Buba ne, maƙwabcinmu, yana kwasar gero daga gonarsa. Ba ya cikin fim. Mun roƙe shi ya ɗan dakata, ya ce hadari na haɗuwa, mu dai mu yi harkarmu ya yi tasa. Kai kuwa da ka duba fim ɗin ba ka ga jarumi namiji ba, sai ka naɗa shi. Duk inda amalanken ya gifta sai ka ce, "Ku kwantar da hankali, ga akta nan tafe!" Goggo tana karya ɓarayi, kana cewa tana riƙe su ne kafin akta ya iso. A ƙarshe, bayan mata sun ɗaure bos sun kaɗo awaki, amalanken ya sake giftawa cike da dammunan gero, sai ka ce akta ya gama aiki a ɓoye ya tafi, domin ba ya son a gode masa. Samarin da suka gani a shago sun riga sun kai masa labari. Yanzu duk inda ya bi ana ɗaga masa hannu ana "Akta!" Shekaranjiya ya zo ya tambayi mahaifina ko wata sarauta ce aka ba shi bai sani ba, kuma in haka ne wa zai je ya gode wa.

Wannan ya ba kowa dariya a gidanmu, har ni. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga abin da ya faru. Mata biyu sun hau babur, sun shiga ƙaya, sun sha rana, Goggo har ƙafarta ta kumbura. Mutumin da ya wuce da gero shi ya tafi da yabon.

Ba na cewa ka yi da mugun nufi. Na san ka ɓata lokacinka, ka bar masu jiran waƙa, ka yi abin da ka fi iyawa don fim ɗin ya karɓu. Kuma gaskiyarka ce a kan sauti. A wurin tseren babur ba a jin komai sai iska, a bakin fadama kuma zabi sun yi mana taro. Ban san ana rufe bakin waya da tsumma saboda iska ba sai bayan mun gama. Amma ba ko'ina ya lalace ba. Maganar Goggo a bakin kwazazzabo tana nan tas, na saurara a wayar Malama har na haddace inda ta ja numfashi.

Na biyar, dalilin gaggawa. Na san al'adar ƙungiyarku: duk sabon fim, ranar jajibirin kasuwa kake raba wa 'yan ƙungiya, don kowace rumfa ta kwana da shi. Ka kuma faɗa a gabana cewa namu zai fita a kasuwa mai zuwa. Washegari mutanen ƙauyuka za su zo, kowa ya miƙa waya a zuba masa. Kafin la'asar fim ɗin ya hau babura ya nufi Baure, ya nufi Mashi, ya tsallaka iyaka. Daga nan wannan ya tura wa wancan a majalisa, a gona, a mashayar shanu. Kai ka fi ni sanin cewa abin da ya shiga waya ɗaya a ranar kasuwa ba ya dawowa. Yanzu yana cikin kwamfutarka kaɗai. Shi ya sa nake ganin akwai sauran dama.

Goggo ba ta san komai ba har yanzu. Jiya ta kawo nono, ta zauna a tabarmar Inna tana ba da labarin cewa ta gaya wa duk matan ruga za su ji ta a waya. Ta ce wata ƙawarta ta ce ƙarya ne, waya ba ta ɗaukar muryar tsofaffi. Ta dube ni ta ce, "Ko ba haka ba, Sa'a? Za su ji ni?" Na ce in sha Allahu, na tashi na shiga ɗaki kamar ana kirana.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙo kada a raba wannan gyaran ga kowa a jajibirin nan. Ku ma sauran 'yan ƙungiya, iyayena da yayyena, in ya zo hannunku ta wata hanya, don Allah ku riƙe shi kada ku zuba wa kowa. In wani ya tambaya ku ce yana tafe. Jinkirin kasuwa ɗaya ko biyu ba zai kashe fim ba.

Ina roƙo a mayar da muryoyin asali duk inda ake jin su. Inda iska ta ɓata, mun shirya sakewa. Malama ta gwada ɗakin ƙasa na kakata, mai kaurin bango, in an rufe ƙofa da bargo ba a jin ko zakara. Matan unguwa duk sun yarda su zo, kowace ta kalli bakinta a fim ta maimaita abin da ta faɗa. Abin da ba mu da shi makirufo ne mai kyau, da wanda ya san yadda ake daidaita magana da motsin baki. Kai kake da duka biyun. In ka zo, Inna ta ce fura tana jiranka.

Ina roƙo a sauke Malam Buba daga muƙaminsa, a bar shi ya kwashi geronsa lafiya. A cire waƙar da aka sa wa Yaya da Kawu.

Roƙo na ƙarshe shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa, amma shi na fi so. Ba mu son muryarka ta fita daga fim ɗin gaba ɗaya. Daga nan har Babban Mutum, in mutane suka ji ta a farkon fim, gyara zama suke yi, mai tafiya ya tsaya. Mu ba wanda ya san mu. Don haka muna roƙo ka buɗe mana fim ɗin. Kafin hoto ya fito, ka yi sallama irin taka, ka faɗi sunan fim, ka karanto sunayen matan nan ɗaya bayan ɗaya, da irin ƙarfin da kake kiran sunayen manyan jarumai. Ka fara da Hajjo. Ka ja sunan yadda kake so, ka sa masa ganga in ka ga dama. Idan ka kai sunan ƙarshe, don girman Allah, Baba, ka kashe makirufo, ka jawo kujera ka zauna tare da mu ka ji abin da za su ce.

In na yi kuskure a lafazi, a yafe mini, ƙuruciya ce. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci sana'arka, ya tsare maka kwamfutarka daga tsawa da wutar da ke zuwa da ƙarfi, ya shirya maka zuriya, ya haɗa kan ƙungiyarka a kan alheri.

Wassalamu alaikum.

'Yarka,
Sa'adatu Lawal,
Unguwar Gabas.